Batmusa: Tsibirin da Rubutu Ya Raya

Duk wanda ya buɗe littafin ƙarshe na Littafi Mai Tsarki, watau Ru'ya ta Yohanna, wanda waɗansu juyi suke kira Wahayin Yahaya, zai ci karo da sunan Batmusa tun a sura ta fari. Sau ɗaya tak aka ambaci wannan suna a cikin Littafin duka. Da yawa daga cikinmu mun ji shi daga bakin mai wa'azi tun muna yara, har muka ɗauke shi kamar wani wuri ne na mafarki, can tsakanin sama da ƙasa. Amma Batmusa tana nan har wa yau a ƙasar Girka, mutanenta suna kiranta Patmos. Tana da masunta da makiyayan awaki, da makaranta da ofishin waya, kowace shekara kuma dubban baƙi suna zuwa hutu a cikinta.

Tarihinta yana da abin mamaki. Tsibiri ne ƙarami, ba kogi, ba ƙasar noma ta kirki, ba ma'adini. An taɓa watse shi har ya zama kufai. Duk da haka ya sake rayuwa, ya ga daular Rum da ta Turkawa da mulkin Italiya sun zo sun wuce. Idan muka bi labarin daki-daki za mu ga abin da ya riƙe shi a kowane zamani rubutu ne: littafin da aka rubuta a can, da takardun da mutanensa suka adana.

Yadda ƙasar take

Batmusa tana cikin tekun Ejiyan, wani reshe na Bahar Rum da ya raba Girka da Turkiyya. Tana cikin rukunin tsibiran da ake kira Dodekanis, ma'anarsa tsibirai goma sha biyu, tana wajen arewacinsu. Tsakaninta da gaɓar Turkiyya kimanin kilomita 60 ne. Mai karanta Ayyukan Manzanni ya riga ya san waɗannan ruwaye, gama a tafiyarsa ta komawa Urushalima jirgin Bulus ya bi ta Samos, ya tsaya a Militas, sa'an nan ya wuce Kos da Rodusa. Dukansu maƙwabtan Batmusa ne.

Faɗin tsibirin murabba'in kilomita 34 ne kawai, mazaunansa kuwa sun ɗan haura 3,000. Mai ƙarfin ƙafa zai ratsa shi daga arewa zuwa kudu cikin yini guda. Duwatsunsa irin waɗanda aman wuta ya bari ne tun zamanin da ba a sani ba, masu duhu, masu kaifi. Teku ya ciccinye gefensa ta ko'ina, har ya zama kamar gutsattsari uku da aka haɗa da siraran wuyoyi. A wuya na tsakiya ne tashar jiragen ruwa take, garin da ake kira Sikala. Mutum zai tsaya a can ya ga teku gabas, ya taka kaɗan ya gan shi yamma. Tudu mafi tsawo, wanda aka sa wa sunan annabi Iliya, mita 269 ne daga bakin ruwa.

Yanayinsu ya sha bamban da namu. Mu da zafi muke samun ruwan sama, su kuwa da sanyi, daga wajen Nuwamba zuwa Maris. Daga Yuni zuwa Satumba sama takan bushe ƙaƙas, sai wata iska mai ƙarfi daga arewa, wadda suke kira meltemi, ta riƙa kaɗawa tana rage zafi. Saboda ƙarancin ruwa, tsofaffin gidaje suna da rijiyar tara ruwan sama a ƙarƙashinsu, ruwan da ya sauka a kan soro yakan gangara ciki. A ƴan kwaruruka irin na Kambos ana noman kayan lambu da inabi da ɓaure da zaitun. Sauran ƙasar ta awaki ce da ƙaya.

Kafin zuwan Yohanna

Sau da yawa akan kwatanta Batmusa ta zamanin Romawa kamar kurkuku, dutse tsirara inda fursunoni suke fasa duwatsu da sarƙa a ƙafa. Abin da masu tonon tarihi suka samu ya nuna wani hoto dabam. A kan tudun Kasteli, bisa Sikala, akwai ragowar ganuwar wani gari tun kafin haihuwar Almasihu. Rubuce-rubucen da aka sassaƙa a kan duwatsu sun nuna akwai filin motsa jiki na samari, akwai kuma haikalin gunkiya Artimis, wadda mutanen Afisa suka tayar wa Bulus da tarzoma sabili da ita. Tsibirin yana ƙarƙashin birnin Militas, yana ɗaya daga cikin wuraren da suke tsaron hanyarta ta teku. Ashe Yohanna ya zauna ne a tsakiyar mutane masu bautar gumaka, suna bukukuwansu yana ji yana gani.

Romawa suna da al'adar korar mutum zuwa tsibiri idan suka ga zamansa a gari yana tayar da hankali. Hukuncin iri biyu ne. Akwai mai tsanani, inda ake ƙwace wa mutum dukiya da ƴancinsa na ɗan ƙasa. Akwai mai sauƙi, wanda gwamnan lardi yake iya yankewa, inda mutum zai zauna da abinsa amma ba shi da izinin barin tsibirin. Teku ne mai gadinsa. Yohanna da kansa ya nuna cewa shaidar bangaskiyarsa ce ta kai shi can.

Littafin da ya fito daga tsibirin

Ireniyus, wanda ya yi rubutu wajen shekara ta 180 bayan haihuwar Almasihu, ya ce an ga wannan ru'ya kusa da ƙarshen mulkin Kaisar Domitiyan. Domitiyan ya yi sarauta daga 81 zuwa 96, don haka akan sa rubutun littafin wajen shekara ta 95. Yusibiyus, marubucin tarihin Ikilisiya a ƙarni na 4, ya ƙara da cewa bayan mutuwar Domitiyan, da Nerba ya hau gadon sarauta, an sallami korarru, Yohanna kuwa ya koma Afisa. Yawancin iyayen Ikilisiya na farko sun ɗauka manzo Yohanna ɗan Zabadi ne marubucin. Amma tun a ƙarni na 3 Diyonisiyus na Iskandariya ya lura cewa Helenancin Ru'ya ya bambanta da na Bisharar Yohanna, ya ce mai yiwuwa wani Yohanna ne dabam. Masana suna kan wannan muhawara har yanzu. Wurin da aka ga ru'yar dai ba a gardama a kansa, gama marubucin ya faɗi sunansa.

An aika da littafin ga ikilisiyoyi bakwai: Afisa, Samirna, Birgamas, Tayatira, Sardisu, Filadalfiya da Lawudikiya. Dukansu suna ƙetaren ruwa, a yammacin Turkiyya ta yau. Wanda ya dubi taswira zai ga an jera su bisa ga hanyar da ɗan aike zai bi: ya sauka a Afisa, ya yi arewa zuwa Birgamas, sa'an nan ya juyo kudu maso gabas har Lawudikiya. Mutumin da aka hana shi ƙafa ya aika da takarda ta yi tafiyar a madadinsa. Wanda ya san yadda ruwa ya kewaye Batmusa kuma zai gane abin da ya sa aka ambaci teku fiye da sau 20 a littafin, da abin da ya sa marubucin ya ga sabuwar duniya ba teku a cikinta. A gare shi teku shi ne abin da ya raba shi da ƴan'uwansa.

Tsakanin Sikala da garin Hora na kan tudu akwai kogon da mutanen tsibirin suke cewa a nan Yohanna ya zauna. Ana gangarawa da matakala a shiga. A ciki ana nuna wa baƙo wani ɗan rami inda aka ce yakan sa kansa, da tsagar dutse mai rassa uku a rufin kogon. Ana kuma cewa almajirinsa Burokoras ne ya riƙa rubuta abin da yake faɗa. Waɗannan al'adun baka ne da suka zo daga baya, Littafi Mai Tsarki bai ambaci kogo ba. Amma shekaru fiye da 900 ke nan ana sujada a wurin ba fashi.

Kufai, da mutumin da ya roƙe shi

Bayan da daular Rum ta karɓi addinin Kirista a ƙarni na 4, an gina babbar majami'a a kan tudun da haikalin Artimis yake. Daga ƙarni na 7 kuwa, yaƙin teku tsakanin Rumawa da Larabawa, da hare-haren ƴan fashin teku, suka sa zaman ƙananan tsibirai ya gagara. Majami'ar ta rushe, mutane suka gudu, Batmusa ta yi ƙarnuka kusan ba kowa.

Wanda ya sake tayar da ita wani sufi ne, watau irin mutanen nan da suke barin aure da dukiya su keɓe kansu domin addu'a da aiki. Sunansa Kiristodulos, ma'anarsa bawan Almasihu. Shi ne shugaban sufaye a dutsen Latros kusa da Militas. A 1071 Turkawa suka ci sojojin Rum ta Gabas a yaƙin Manzikat, suka fara malala cikin ƙasar. Bayan ƴan shekaru Kiristodulos ya gudu zuwa tsibirin Kos, ya kafa gida a can, amma hayaniyar maƙwabta ta hana shi sakewa. Sai ya tafi Kustantiniya, wadda ake kira Istanbul yanzu, wurin sarki Aleksiyos Komnenos, ya roƙa a karɓi gonakinsa na Kos a ba shi Batmusa. Wakilin da sarki ya aika ya auna tsibirin ya rubuto cewa kango ne, ƙaya ta rufe shi, ruwa ya yi ƙaranci. Irin wurin da Kiristodulos yake nema ke nan.

A 1088 sarki ya ba shi tsibirin dungum, ya yafe masa haraji, ya sa aka rubuta wannan a doguwar takarda mai hatimin zinariya. Takardar tana nan a gidan sufayen har yau, tsawonta ya fi mita guda. Kiristodulos ya fara gini a kan tudun tsohuwar majami'a, ya yi shi kamar kagara saboda ya san halin tekun. Bai ga ƙarshen aikin ba. Hare-haren jiragen Turkawa suka kore shi zuwa tsibirin Ebiya, inda ya rasu a 1093. Almajiransa suka komo suka ci gaba da ginin, suka kawo gawarsa, suka kuma bi sawun littattafan da ya tsere da su daga Latros har suka tattaro su.

Da fari an ajiye magina da iyalansu can arewacin tsibirin, nesa da sufaye. Amma tsoron ƴan fashi ya sa daga baya aka bar su suka gina gidaje a jikin ganuwar. Haka garin Hora ya samo asali: fararen gidaje manne da juna, da lunguna matsattsu masu karkacewa domin su rikitar da mahari, da baƙar kagara a bisansu mai bango fiye da mita 15.

Yadda ƙaramin wuri ya zauna da manyan dauloli

Sufayen ba su da sojoji. Makaminsu shi ne akwatin takardu. Kowane sarki da ya hau, sukan aika masa da jakada riƙe da takardar wanda ya gabace shi, su roƙa a sabunta ta. Ta haka suka sami gonaki a Karita da Leros, da izinin jiragensu su yi fatauci ba haraji. Da ƴan yaƙin gicciye suka ci Kustantiniya a 1204, sufayen suka nemi takardun kāriya daga sababbin masu iko. Da Turkawa suka ci Rodusa a 1522, tsibirin ya shiga ƙarƙashin Daular Usmaniyya, suka riƙa biyan haraji, Sarkin Musulmi na Istanbul kuwa ya bar su da majami'unsu da mulkin cikin gidansu. A ɗakin ajiyarsu yau akwai takardu wajen 13,000, na sarakunan Rum, da na Paparoma, da na sarakunan Turkawa.

Tsibirin da aka san shi da korarre ɗaya ya zama mafakar korarru da yawa. Waɗanda suka tsere daga Kustantiniya bayan faɗuwarta a 1453 sun kafa unguwa a Hora. Waɗanda suka baro Karita a 1669 sun kafa tasu, har yanzu ana kiranta da sunan Karitawa. A ƙarni na 16 da na 17 masu jiragen Batmusa suka yi arziki, suka gina manyan gidajen da baƙi suke sha'awa yau. Wani abu da ya kamata mai karatu Kirista ya sani shi ne, ɓarna mafi muni da aka yi wa tsibirin a wannan zamani daga hannun Kirista ta fito. A 1659 sojojin Benis na Italiya, a ƙarƙashin Faranchesko Morosini, suna yaƙi da Turkawa, suka washe Batmusa, suka lalata jiragenta.

Ɗakin littattafan shi ne abin alfaharin gidan. Wani lissafi da aka yi wajen shekara ta 1200 ya nuna littattafai 330 rubutun hannu, yawancinsu a kan fata. Yau sun kusa 1,000. A cikinsu akwai warƙa 33 na wata Bishara ta ƙarni na 6, wadda aka rubuta da tawadar azurfa a kan fata mai launin shunayya. Sauran warƙoƙinta sun warwatsu, mafi yawansu suna birnin San Fitasbag na Rasha. Akwai kuma lokacin da aka yi sakaci. A 1801 wani Bature ɗan Ingila mai suna Edward Clarke ya tarar da littattafai zube cikin ƙura, ya saye waɗansu ya tafi da su. Cikinsu har da kwafen ayyukan Aflatun wanda aka rubuta a 895, yana ɗakin karatu na Jami'ar Oksfod yanzu.

A 1713 wani ɗan tsibirin, Makariyos Kalogeras, ya buɗe makaranta kusa da kogon. Ɗalibai suka riƙa zuwa daga ƙasashen Otodoks na nesa suna koyon Helenanci da tauhidi da falsafa. Emanuwel Santos, ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa ƙungiyar asiri a Odesa a 1814 domin ƴantar da Girka, haifaffen Batmusa ne. Tsibirin ya shiga tawayen 1821, amma da aka shata iyakar sabuwar ƙasar Girka sai aka bar shi a hannun Turkawa. Italiya ta ƙwace shi a 1912, Jamus ta mamaye shi a 1943, Ingila ta riƙe shi daga 1945. Sai ran 7 ga Maris 1948 aka yi bikin haɗe Dodekanis da Girka.

Batmusa ta masu hutu

Ba filin jirgin sama a tsibirin. Baƙo yakan hau jirgin ruwa daga Pireyas, tashar birnin Atina, tafiyar sa'a 7 ko fiye, ko kuwa ya sauka a Kos ko Samos ya ƙarasa da ƙaramin jirgi. Wannan wahala ta tafiya ta taimaka wajen rage cunkoso. A 1981 majalisar dokokin Girka ta ba Batmusa matsayin tsibiri mai tsarki. A 1999 hukumar UNESCO ta sa garin Hora da gidan sufaye da kogon cikin wuraren tarihi na duniya. Saboda haka ba a barin kowa ya yi gini yadda ya ga dama a tsohon garin.

Mai son ruwa yana da zaɓi. Bakin tekun Lambi a arewa cike yake da tsakuwoyi masu launi iri iri. Na Sili Amos a kudu rairayi ne mai laushi, amma mota ba ta kaiwa, sai a ƙafa ta kan duwatsu ko a kwalekwale. A Girikos ruwan kwance yake, da wani ƙaton dutse mai ramummuka a bakinsa. Mai son tafiya zai bi tsohuwar hanyar dutse daga Sikala, ya biya ta kogon, ya hau Hora. A gefen garin akwai injinan niƙa na iska guda 3, biyu an gina su a 1588, ɗaya a 1863, an gyara su duka a 2010. Inuwar da matafiyi yake sha a wurare da dama tana da nata labari. Wani sufi, Amfilokiyos Makris, wanda ya rasu a 1970, ya shahara da cewa idan manomi ya zo wurinsa furta zunubi yakan umurce shi ya dasa itace, ya kuma riƙa ba shi ruwa.

Lokacin da tsibirin ya fi cika da masu ibada shi ne makon Ista. Ran Alhamis ɗin makon, a dandalin Hora, shugaban gidan sufaye yakan ɗaura tawul ya wanke ƙafafun mutum goma sha biyu a gaban jama'a, ana karanta Bishara. Da rani kuwa manyan jiragen yawon buɗe ido sukan tsaya sa'o'i kaɗan a hanyarsu daga kangon Afisa, su zubo da ɗaruruwan mutane lokaci guda. Kogon ƙarami ne, sai a yi layi, kowa ya leƙa ya fito. Attajirai daga ƙasashen Turai sun saye tsofaffin gidaje da yawa a Hora, waɗansu sukan zauna a rufe duk damina. Ruwan sha, wanda bai taɓa isa ba, yanzu ana tace shi daga ruwan teku. Kuɗin baƙi ne suke ciyar da yawancin iyalai, amma shirun da Kiristodulos ya ba da gonakinsa don ya samu yana raguwa. Wannan ita ce matsalar da mutanen Batmusa suke fama da ita a zamaninmu.

Abin da ya shafe mu

Kaɗan daga cikin masu karanta wannan ne za su taka Batmusa. Amma abin da ya fito daga can ya riga ya iso mu. Takardar da aka aika wa ikilisiyoyi bakwai ta bi hannun masu kwafa ƙarni bayan ƙarni, a gidaje irin na Kiristodulos, har aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa a 1932. Waɗancan ikilisiyoyi bakwai waɗansu daga cikin garuruwansu kango ne yau. Domitiyan kuwa, majalisar Roma ta sa aka kankare sunansa daga jikin gine-gine bayan mutuwarsa.

Yana da kyau dattawan ikilisiyoyinmu su tambayi kansu ina littafin baftisma na farko yake, ina takardar filin majami'a, ina sunayen waɗanda suka fara kawo bishara garin. A wurare da yawa suna cikin tsohon akwati a ɗakin fasto, gara tana ci, tsofaffin da suka san labarin kuwa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Sufayen Batmusa sun kare ƙasarsu shekaru 900 da takardun da suka adana, littattafan da suka yi sakaci da su a 1801 kuwa har yau ba su komo ba.